Kwaɗo Ya Yi Ƙarfi, Saura Mabuɗi: Sauyin Hanyoyin Tsaro a Intanet da Halin da Manomin Arewacin Kano Ke Ciki

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura, ko ta Kano zuwa Katsina, a lokacin kaka, zai ga dalilin da ya sa masana labarin ƙasa irin su Michael Mortimore suka duƙufa ga nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hangen ƙauye, da wuya a ga fegin da aka bari ya huta. Daga Ungogo da Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Bagwai da Tsanyawa, jama'a suna da yawa, ƙasar noma kuwa kaɗan ce. Saboda haka kowane damin gero da kowane buhun gyaɗa an san mai shi, an kuma san irin gumin da aka zubar kafin a same shi.

A da, dukiyar manomin wannan yanki tana wurare sanannu: hatsi a rumbu, dabba a turke, 'yan kuɗi kuma a lalita ko a ƙarƙashin shimfiɗa. A yau wani kaso mai tsoka na wannan dukiya ya koma cikin wayar hannu. Idan manomi ya sayar da riɗi a Dawanau, ko ya sayar da sa a kasuwar Ɗambatta, sau da yawa ba tsabar kuɗi yake ƙirgawa ba, saƙon banki yake jira ya shigo. Ke nan maganar tsaro a intanet ta daina zama maganar 'yan boko da ma'aikatan banki kaɗai.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda hanyoyin tsaro suka sauya tun daga farkon yanar gizo zuwa yau, sannan ta kafa hujja a kan ra'ayi guda. Ra'ayin shi ne: masana sun yi nasarar ƙarfafa kwaɗo, amma sun ƙera shi ne domin mutumin da yanayin rayuwarsa ya bambanta da na mutanenmu na karkara, kuma malamin makaranta, musamman malamin Hausa, shi ne ya fi kowa damar cike wannan giɓi.

2.0 Zamanin Kalmar Sirri Guda

A shekarar 1989 ne wani masani ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, aka kuma buɗe shi ga jama'a a 1991. An yi tsarin ne domin masana su riƙa musayar rubuce-rubuce a tsakaninsu, don haka ba a damu da ɓoye komai ba. Saƙo yakan ratsa kwamfutoci da yawa a buɗe, tamkar wasiƙar da aka ba direban mota ba tare da ambulan ba. Sai da ciniki ya fara shiga ne aka ga buƙatar rufe saƙo. A 1995 kamfanin Netscape ya fito da dabarar SSL, wadda ke sarƙe saƙo ta yadda mai leƙe a hanya ba zai iya karanta shi ba. Daga nan aka sami ɗan hoton kwaɗon nan da aka saba gani a gefen adireshin shafi. To amma shekaru da dama bayan haka, bankuna da manyan shagunan sayayya ne kawai suka fi amfani da shi.

A Nijeriya kuwa, mafi yawan waɗanda suka fara taɓa intanet a ƙarshen shekarun 1990 da farkon shekarun 2000 sun yi haka ne a shagunan intanet, waɗanda aka fi sani da kafe. A birnin Kano mutum yakan sayi minti talatin ko awa guda, ya zauna a gaban kwamfutar da mutum goma suka riga shi amfani da ita a ranar, ya buɗe akwatin imel ɗinsa na Yahoo ko Hotmail. Abin da ke tsare wannan akwati kalma ce guda, kuma galibi sunan mutum ne, ko na garinsu, ko shekarar haihuwarsa. Wanda bai iya ba yakan faɗa wa yaron shago kalmar ya buga masa. Wani ma yakan tashi ya tafi bai rufe akwatin ba.

Abin tsoro a wancan lokaci iri biyu ne. Na farko ƙwayar cutar kwamfuta, wadda ke yaɗuwa ta faifai ko ta saƙon imel, kamar wadda aka kira ILOVEYOU da ta ɓulla daga ƙasar Filifin a watan Mayun 2000 ta lalata ayyuka a ƙasashe da yawa. Na biyu wasiƙun damfara da suka ci sunan sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuka, waɗanda suka zubar wa ƙasar nan da mutunci a idon duniya. An kafa hukumar EFCC ta fara aiki a 2003, sannan dokar yaƙi da irin wannan damfara ta 2006 ta wajabta wa masu kafe yin rajista da adana bayanan masu hulɗa da su. Abin lura a nan shi ne, tsaron wancan zamani na'ura ake yi wa. A saka wa kwamfuta maganin ƙwayar cuta, a kulle ta da kalmar sirri, shi ke nan. Manomin Makoɗa kuwa duk wannan bai shafe shi ba, domin ba shi da akwatin imel, ba shi da asusun banki, ko wayar tarho babu a ƙauyensu.

3.0 Yadda Aka Yi ta Ƙarfafa Kwaɗo

Da tafiya ta yi tafiya, sai aka gane cewa kalmar sirri guda ba ta isa ba. Dalili kuwa, ko da mutum ya adana tasa, 'yan kutse suna iya fasa rumbun bayanan kamfanin da kansa su kwashe na kowa da kowa. Kamfanin Yahoo ya bayyana a 2017 cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan akwatunan da ke hannunsa, kimanin biliyan 3. Wanda kuma yake amfani da kalma ɗaya a wurare biyar, an buɗe masa ƙofa biyar ke nan a dare guda.

Wannan ya haifar da sauye-sauye masu muhimmanci. Na ɗaya, aka shigo da tabbatarwa mai hawa biyu, wato bayan kalmar da mutum ya sani, sai an turo wata lamba ta wucin gadi zuwa wayar da ke hannunsa. Kamfanin Google ya buɗe wannan tsari ga jama'a a 2011, manhajar WhatsApp kuma ta kawo nata salon a 2017. Na biyu, sarƙe saƙo ya zama ruwan dare. Tun daga 2016 saƙonnin WhatsApp a sarƙe suke tafiya daga mai aikawa zuwa mai karɓa, yawancin shafuka kuma yanzu suna amfani da wannan sarƙewa. Na uku, jikin mutum ya zama shaida: zanen yatsa da hoton fuska sun shiga aikin buɗe waya da asusu. Hatta shawarar masana game da kalmar sirri ta sauya. A da ana cewa a riƙa canza ta duk bayan 'yan watanni, a cusa mata alamomi masu wuyar tunawa. A 2017 hukumar ma'aunai ta Amurka ta janye wannan shawara, ta fifita doguwar kalma mai sauƙin riƙewa, domin an lura cewa tilasta wa mutane canji barkatai yana sa su zaɓi kalma mai rauni ko su rubuta ta a takarda.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. A wajejen 2010 bankuna suka bar katin cirar kuɗi mai zanen maganaɗisu, wanda ake iya kwafa cikin sauƙi, suka koma mai ɗan ƙarfe da lambar sirri. A 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fara rajistar layukan waya da hoto da zanen yatsa, har ma a 2015 ta ci tarar kamfanin MTN saboda layuka sama da miliyan 5 da ba a kammala rajistarsu ba. A watan Fabrairun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN mai alƙaluma 11. A 2015 aka zartar da dokar laifukan intanet. A watan Disambar 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, sannan a 2023 aka sanya hannu a kan dokar kare bayanan jama'a.

Babu mai musun cewa waɗannan matakai sun yi amfani. Fasa asusun mutum daga nesa ba tare da taimakonsa ba ya fi wuya a yau fiye da shekara ashirin da suka wuce. Sai dai a lura da inda duk waɗannan igiyoyi suka haɗu. Lambar wucin gadi layin waya take zuwa, BVN da layin waya aka ɗaure ta, NIN ma haka. Ashe ɗan ƙaramin katin nan da bai kai girman farce ba ya zama mabuɗin rumbu.

4.0 Ta Wace Ƙofa Intanet ta Shigo Karkara?

Mutumin karkara bai shiga wannan duniya ta kwamfuta ba, ta wayar hannu ya shiga. Kafin 2001 layukan tarho na NITEL a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agustan 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, kuma a cikin 'yan shekaru dogayen ƙarafan sabis suka tsaya a garuruwa da ƙauyuka. Da farko gaisuwa ce da sanar da haihuwa ko rasuwa, da tambayar farashin hatsi kafin a ɗora kaya a mota. Daga baya al'amarin ya wuce nan.

A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, gwamnatin tarayya ta fito da tsarin rabon taki da iri ta hanyar saƙon waya, inda manomi zai nuna saƙon a wurin dillali ya karɓi rabonsa a farashi mai rangwame. Wannan ne karo na farko da manoma da yawa suka ga cewa abin da ke cikin waya yana iya zama buhun taki. A 2013 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki, abin da ya share fage ga masu POS da yanzu ake gani a ƙarƙashin lema a kowace kasuwar ƙauye. Bankuna kuma suka samar da gajerun lambobin da ake dannawa a tura kuɗi ko da ƙaramar waya ce marar intanet.

Abin da ya ƙarasa tura jama'a shi ne canjin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 da aka sanar a watan Oktoban 2022. A watannin farko na 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙarancin da har mai sayar da awara da mai faskare sai da suka nemi lambar asusu. Tsoho da tsohuwar da ba su taɓa taka ƙofar banki ba suka wayi gari da asusu a cikin waya. An ba su kwaɗo na zamani a cikin gaggawa, amma ba a zauna an koya musu riƙon mabuɗi ba.

5.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Idan aka dubi tsarin tsaron zamani da idon basira, za a ga an gina shi a kan zato uku, kuma duka ukun ba su cika tabbata a karkararmu ba.

Zato na farko shi ne kowane mutum yana da wayarsa shi kaɗai, kuma ba ta barin hannunsa. A ƙauyuka da yawa waya ɗaya ce a gida, maigida ya yi kira, uwargida ta karɓi gaisuwa, yara su yi wasa. Saboda rashin wutar lantarki, waya takan wuni ko ta kwana a shagon mai caji tare da wasu hamsin. Layin ma sau da yawa da sunan wani aka yi rajistarsa, domin ɗa ne ko ƙane ya sayo a birni ya kawo.

Zato na biyu shi ne mai asusun yana karanta Turanci. Saƙon da banki ke turowa tare da lambar wucin gadi yana ɗauke da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, amma da Turanci aka rubuta shi. Manomin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta lissafinsa da ajami, dole ya miƙa wayar ga wani ya karanta masa. Wato sai ya karya dokar kafin ya san abin da dokar ta ce. Haka nan a wurin mai POS, an sha ganin dattijo ya miƙa kati ya kuma faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban jama'a, don bai saba da danna na'urar ba.

Zato na uku shi ne idan matsala ta faru mutum zai isa banki ko ofishin kamfanin waya nan da nan. Wanda aka zare wa waya ranar Lahadi a cunkoson kasuwar Ɗambatta, kafin gari ya waye ya sami kuɗin mota ya je inda za a toshe masa layi, mai aukuwa ta riga ta auku.

Ɓarayin zamani sun fahimci wannan sarai. Da suka ga kwaɗo ya fi ƙarfinsu, sai suka daina wahalar fasa shi, suka koma roƙon mabuɗi daga hannun mai shi. Wani zai bugo da Hausa tsantsa, ya yi sallama, ya kira mutum da cikakken sunansa, ya ce daga banki yake, za a rufe asusu yau idan ba a gyara BVN ba, sai a karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Wani zai ce sunan mutum ya fito a tallafin taki ko na jari. Wani zai ce shi ɗan ƙungiyarku ne ta WhatsApp, za a yi taro, a faɗo masa alƙaluma shidan da aka turo. Da zarar an faɗa, sai ya ƙwace shafin ya shiga roƙon kuɗi daga 'yan uwa da sunan mai shi. Akwai kuma mai sayen hatsi da zai nuna saƙon biya na bogi ya ɗora buhuna ya wuce. Ban da waɗannan, ga masu alƙawarin ninka kuɗi irin su MMM, wadda ta daskarar da kuɗin jama'a a watan Disambar 2016. A 'yan shekarun nan ma fasahar ƙirƙirarriyar basira ta kai ga kwaikwayon muryar mutum, don haka jin murya kaɗai ya daina zama hujja.

Duk waɗannan dabaru makamansu ɗaya ne: gaggawa, da tsoratarwa ko kwaɗaitarwa, da kuma amfani da kyawawan ɗabi'unmu. Bahaushe yana jin nauyin katse wa mai magana hanzari, yana jin kunyar ce wa wanda ya yi masa sallama “ban yarda da kai ba”. Kara da kunya da kyautata zato, waɗanda su ne adon zamantakewarmu, su ne tsagar bangon da ƙadangare ke shiga ta ciki.

6.0 Darasi Daga Tsaron Gargajiya

Kuskure ne a ɗauka mutanen karkara ba su san tsaro ba. Rumbun da ke bayan gida ba shi da kwaɗon ƙarfe, amma hatsi yakan shekara a ciki lafiya, domin idon jama'a ne ke gadinsa. A yankin da gidaje ke kusa da juna haka, baƙo ba ya ratsa unguwa ba a gan shi ba. Idan zai kwana, sai an san mai masaukinsa, an kuma sanar da mai unguwa. A kara, ba a sayen sa daga hannun wanda ba a sani ba sai dillali ya tsaya, shi ne zai amsa idan ta bayyana dabbar ta sata ce. Ba a jinginar da gona ko sayar da ita sai da shaidu. Idan aka duba da kyau, wannan shi ne tabbatarwa mai hawa biyu da masana suka gano daga baya: maganar mutum ɗaya ba ta isa, sai an sami ta biyu daga wata kafa daban.

Matsalar ita ce mai bugo waya baƙo ne da ya shigo har tsakar gida ba tare da ya ratsa unguwa ba. Ba shi da fuska, ba shi da mai masauki, babu dillalin da ya tsaya masa. A ganina, abin da ya kamata a koya wa jama'a shi ne su mayar da wannan baƙo ƙarƙashin dokar da suka riga suka sani. Duk wanda ya nemi lamba ko kuɗi ta waya, a ce masa sai an yi shawara, a kashe wayar, a nemi shaida ta biyu. Idan ya ce daga banki yake, a je reshen ko a kira lambar da ke bayan kati. Idan ya ce ɗan uwa ne, a kira ɗan uwan ta layin da aka saba. Mai gaskiya ba ya tsoron jinkiri.

Haka kuma, gargaɗin nan na “kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka” gaskiya ne, amma ga tsohuwar da ba ta karatu umarni ne da ba za ta iya bi ba, kuma dokar da ba ta biyuwa watsi ake yi da ita gaba ɗaya. Abin da ya fi dacewa da halin da ake ciki shi ne a ce mata ta zaɓi amintacce guda a cikin gida, wanda kowa ya san shi ne mai wannan aiki, kuma ban da shi babu wani, ko mai caji, ko mai POS, balle murya a waya. Amanar da aka san wanda ke riƙe da ita ta fi sirrin da ya watsu a hannun duk wanda aka ci karo da shi.

7.0 Amsa ga Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Wasu za su ce mafita ita ce a koma tsabar kuɗi. Wannan magana ta manta da fashin hanya da ke tare 'yan kasuwa a ranakun kasuwa, da gobara, da gara. Ta kuma manta cewa tallafin gwamnati da albashi da rajistar jarrabawa duk sun koma ta waya. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta, daga 2021 kuma sai da lambar NIN ake rajista. Ɗan manomin da ke son karatu ba shi da hanyar kauce wa intanet.

Wasu kuma za su ce wannan aikin bankuna ne da gwamnati, me ya haɗa malami da shi? Lalle akwai gaskiya a nan. Ya kamata bankuna da kamfanonin waya su riƙa turo gargaɗi da Hausa, a rubuce da kuma a murya, su sauƙaƙa hanyar toshe asusu, su kuma sa ido a kan wakilansu. Bai dace a ɗora wa wanda aka cuta dukkan laifi ba. To amma banki yana gari, malami yana ƙauye. Kafin manyan ofisoshi su gyara tsarinsu, damina nawa za ta wuce, kuɗin amfanin gona nawa za su salwanta?

8.0 Nauyin da Ke Kan Malami

Ɗalibin da ke karatu a kwalejin ilimi, kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da takwarorinta, ya sani cewa idan aka tura shi ƙauye ba aji kaɗai zai koyar ba. Shi za a kawo wa takardar asibiti ya duba, shi za a miƙa wa waya a ce “Malam, karanta mini wannan saƙo.” Wannan matsayi amana ce, kuma yana da buƙatu.

Da farko malami ya gyara nasa gidan. Ɗalibai da yawa har yau suna amfani da imel ɗin da mai kafe ya buɗe musu lokacin rajistar jarrabawa, kuma kalmar sirrin tana hannun mai kafen. Ya kamata a canza ta, a zaɓi doguwar jimla ta Hausa da ba karin magana sananniya ba, a bambanta ta imel da ta banki, a kunna tabbatarwa mai hawa biyu a WhatsApp da Facebook, a kuma saka wa katin layi lambar kulle ta yadda ko an cire shi an saka a wata waya ba zai yi aiki ba.

Na biyu, idan aka kawo masa saƙo, ya karanta ya kuma fassara gargaɗin da ke ciki, amma ya ƙi karɓar lambar sirrin kowa, ya bayyana dalilinsa. Ƙin karɓar nan da kansa darasi ne, domin mutane za su ce idan malam ma bai yarda a faɗa masa ba, ina ga wanda ba a sani ba?

Na uku, ya shigar da batun cikin darasin Hausa ba tare da ya fita daga manhaja ba. A darasin insha'i ana iya ba ɗalibai su rubuta wasiƙa zuwa ga kakarsu suna yi mata bayanin abin da za ta yi idan aka bugo mata daga “banki”. A darasin wasan kwaikwayo a shirya ɗan gajeren wasa tsakanin ɗan damfara da manomi, a nuna yadda ake katse magana cikin ladabi. A darasin fassara a kawo saƙonnin banki na gaske, bayan an goge lambobin, a mayar da su Hausa. A darasin ƙirƙirar kalmomi a tattauna bambancin kalmar sirri, da lambar sirri, da lambar wucin gadi, domin muddin abu ba shi da suna a harshen mutane, da wuya su kiyaye shi. Yaron da ya koyi wannan a aji shi ne zai riƙe wayar mahaifinsa da daddare, don haka darasin zai isa gidajen da malami bai taɓa shiga ba.

Na huɗu, ya haɗa kai da limamai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata, a riƙa tunatarwa a lokutan da kuɗi ke yawo, wato kaka, da gabanin Sallah, da lokacin rabon taki. Ya kuma yaƙi al'adar yi wa wanda aka damfara dariya. Kunyar faɗa ita ke sa a yi shiru har ɗan damfara ya ci gida goma a unguwa ɗaya da dabara ɗaya.

9.0 Kammalawa

An ga yadda tsaro a intanet ya taso daga kalmar sirri guda a shagon kafe, ya kai ga lambar wucin gadi da zanen yatsa da BVN da NIN. An kuma ga cewa duk lokacin da aka ƙara wa kwaɗo ƙarfi, nauyin da ke kan mai riƙe da mabuɗi ƙaruwa yake yi, kuma a arewacin Kano mai riƙe da mabuɗin nan sau da yawa manomi ne da ba a yi masa bayani da harshensa ba. Al'ummar da ta san kada a sayi sa sai da dillali, kada a sayar da gona sai da shaidu, ba ta rasa tushen da za a ɗora wannan ilimi a kai ba. Abin da take jira shi ne wanda zai haɗa mata tsohon sani da sabon yanayi, da Hausar da take ji. Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Malamin da ke shirin fita fagen aiki ya sa wannan a cikin guzurinsa.